Kura da shan bugu, gardi da karɓar Nobel

Ɗauki littafin fiziks na 'yan ajin ƙarshe na sakandare, kowanne hannunka ya kai gare shi a Ƙaura Namoda ko Shinkafi, ka buɗe babin da ke bayanin yadda cibiyar ƙwayar zarra ta yuraniyom ke darewa biyu ta saki makamashi. Zane yana nan, lissafi yana nan, har tambayoyin da WAEC ta saba juyawa suna nan. Sunan wadda ta fara gane abin da ke faruwa cikin ƙwayar ne da wuya ka gani. Mace ce, Lise Meitner, kuma abin da aka yi mata sata ce, satar tsakar rana, a gaban manyan malaman duniya, kowa ya kau da kai.

'Yar Ostiriya ce. Ta isa Balin a 1907 riƙe da digirin digirgir, shugaban cibiyar da za ta yi aiki ya ce mace ba ta taka masa ɗakin gwaji. Aka ba ta wani tsohon shagon kafinta a ƙarƙashin gini, mai ƙofa daban, don kada ta yi kiciɓis da ɗalibai maza. Ko makewayi ba ta da shi a ginin, sai ta fita ta bi titi zuwa wani gidan abinci. Albashi kuwa babu, daga gida ake aiko mata da na kashewa. A haka ta fara, ta share shekara 30 tana aiki da wani masanin sinadarai, Otto Hahn, shi yana tacewa, ita tana awo tana fassara abin da awon ya nuna. A Yulin 1938 ta tsere daga Jamus ta Hitila saboda asalinta na Yahudawa, ta bar ɗakin gwajinta da duk abin da ta tara, ta ƙare a Suwidin.

Bayan wata biyar, Hahn da abokin aikinsa Strassmann, waɗanda suka ci gaba da harbin yuraniyom da niyutiron, suka tarar da sinadarin bariyom a ciki, abin da ilimin lokacin ya ce ba ya yiwuwa. Hahn ya rasa ta cewa. Wa ya rubuta wa wasiƙa yana neman bayani? Matar da aka kora. Ita da ɗan 'yar'uwarta, Otto Frisch, suka zauna cikin dusar ƙanƙara da 'yan guntayen takarda, ta buga lissafi: cibiyar ƙwayar darewa ta yi, kuma in ka haɗa nauyin ɓari biyun bai kai na uwar ba. Abin da ya ɓace, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin furoton guda, shi ne ya koma makamashi, daidai da ƙa'idar Einstein. Suka buga bayanin a farkon 1939. Da aka zo raba kyautar Nobel ta sinadarai ta 1944, aka miƙa wa Hahn shi kaɗai, ya karɓa, ya kuma ci gaba da nuna wa duniya cewa aikin masu sinadarai ne zalla. An gabatar da sunanta ga kwamitin Nobel fiye da sau 40, ba a ba ta ba har ta rasu a 1968. Da aka neme ta ta shiga aikin haɗa bom a Amurka, ta ce ba da ita ba.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne, ina ruwan mutumin Badarawa da shi. Yuraniyom ɗin da aka fara haƙowa a Arlit ta Nijar tun 1971, wanda ya haskaka gidajen Faransa alhali garuruwan Nijar suna kwana a duhu, a kan bayanin matar nan darajarsa ta tsaya. Ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 2004, shi ma haka. Amma abin da ya fi ƙona mini rai ya fi Zariya kusa. Satar da aka yi a Turai ta zama hujja a bakin mutanenmu. Zauna a majalisa bayan la'asar ka ɗauko zancen karatun 'ya'ya mata, ba za ka rasa wanda zai gyara zama ya ce maka: "Malam, nuna man mace guda da ta ƙirƙiro wani abu. Kan ɗiya mace bai ɗaukar wanga karatu." Kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa, domin duk sunan da ya taɓa ji na namiji ne. Mai sayar da kayan sola a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis yana kiran wat da bolt da amfiya tun safe har yamma, sunayen maza uku ke nan, Watt da Volta da Ampere, suna yawo a bakinsa ko bai sani ba. A cikin ma'aunan da duniya ta amince da su a kimiyya babu ko ɗaya mai sunan mace. Wanda ke ɗauke da sunan gidan Curie ma, a 1975 aka ture shi aka sa na Becquerel. An goge sunaye daga allo, sannan aka nuna mana allon aka ce: kun gani, babu kowa.

Ita kanta Marie Curie da ake ta kafa misali da ita, da ƙyar ta sha. Takardar da malaman Faransa suka aika a 1903 mijinta Pierre da Becquerel ta ambata, ita ba ta ciki. Wani masanin lissafi ɗan Suwidin ne ya tsegunta wa mijin, mijin ya kafe sai an sa ta. A 1911, shekarar da ta ci Nobel ta biyu, majalisar masana kimiyya ta Faransa ta ƙi karɓarta, kuma majalisar nan ba ta ɗauki mace a matsayin cikakkiyar mamba ba sai 1979. Tun 1901 mutum fiye da 220 suka karɓi Nobel ta fiziks, mata biyar ne a ciki. Tsakanin ta farko da ta biyu, Maria Goeppert Mayer, shekara 60. Ita Mayer ɗin ta daɗe tana koyarwa da bincike a jami'o'in Amurka ba albashi, wai don mijinta ma'aikacin wurin ne, kuma da ta ci kyautar a 1963 jaridar garinsu ta ba da labarin ne da cewa wata uwa ta ci Nobel.

Ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare yana haddace cewa makamashi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sai dai ya sauya kama. Tambayi malaminsa dalili, ka ga inda-inda. Dalilin yana wurin Emmy Noether, wadda ta tabbatar da shi a 1918: tunda dokokin halitta na yau su ne na gobe, dole makamashi ya kasance a kiyaye, tunda dokar da dutse ke bi in an jefa shi a Ƙaura ita ce yake bi a Zurmi, dole ƙarfin motsi ya kasance a kiyaye. Duk fiziks na zamani a kan wannan yake zaune. Matar da ta gano shi ta yi shekara 7 tana aiki kyauta a wata jami'ar Jamus, da ta koma Gotingen kuma sai a rubuta sunan Farfesa Hilbert a jadawalin darasi, ita ta shiga ta koyar. Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa rana da taurari galibinsu iskar haidurojin ce da hiliyom, wani babban farfesa ya ce mata ba ya yiwuwa, ta sassauta maganar a kundinta, bayan shekara 4 shi ya fito da sakamako iri ɗaya, duniya ta tafa masa. Chien-Shiung Wu, 'yar ƙasar Sin, ita ta sanyaya sinadarin kobal har kusa da ƙarshen sanyi ta gwada hasashen wasu maza biyu, gwajin ya nuna halitta tana bambanta hagu da dama. A 1957 mazan biyu suka karɓi Nobel, mai gwajin tana kallo. Wani abu game da Wu ya kamata iyayenmu maza su ji: mahaifinta ne ya buɗe makarantar da ke ɗaukar 'yan mata a garinsu, a can ta fara.

Wadda labarinta ya fi kama da namu ita ce Jocelyn Bell. A makon farko na sakandare a Ailan ta Arewa, aka tura maza ɗakin kimiyya, aka tura mata ajin girki da ɗinki. Iyayenta da wasu iyaye suka tayar da ƙayar baya har aka bar 'yan mata kaɗan suka shiga, ta kuwa zo ta ɗaya. A 1967, tana da shekara 24, tana ɗalibta a Kambirij, bayan ta yi shekara 2 tana kafa turaku da ɗaura wayoyin na'urar sauraron sararin sama da hannunta, ita ce mai duba doguwar takardar da na'urar ke fitarwa, wajen mita 30 kullum. A ciki ta lura da wani ɗan ƙazamin zane da bai kai faɗin farce ba, yana dawowa. Malaminta ya ce hayaniyar na'urorin mutane ce. Ta nace. Ashe wata irin tauraruwa ce da ba a taɓa sani ba, mai bugawa kowace daƙiƙa ɗaya da sulusi. A 1974 malamin ya karɓi Nobel tare da wani farfesa. Ita ba ta yi ƙorafi ba, ni nake yi. Da aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3 a 2018, ta bayar da ita kaf don a ɗauki nauyin mata da 'yan gudun hijira da marasa galihu masu son karatun fiziks.

To, laifi tudu ne. Na gama hango na Bature, bari in sauko kan namu, wanda ya fi muni. Su sun bari mace ta yi aikin sannan suka sace sunan. Mu tun kafin yarinya ta kai ƙofar ɗakin gwaji muke tare ta.

Na taɓa tsayawa a ɗakin gwajin wata makaranta a yankin nan ana saura kwanaki a yi jarrabawar aiki da hannu. Kayan aro ne, a kwali aka kawo su, yawancin yaran ranar suka fara ganinsu. Aka raba su rukuni-rukuni a kan gwajin lilo, ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙarshen zare, a auna tsawon zaren, a ƙirga kaiwa da komowa, a duba agogo. Kafin ka ce kwabo maza sun cafke zare da agogo da ma'auni. Malam ya dubi yarinyar da ke rukunin ya ce: "Ke, rubuta muna, rubutunki ya fi kyau." Tana rubutu ta lura mai ƙirgar yana lissafa kaiwa ɗaya, komowa biyu, maimakon ya haɗa su ɗaya, shi ya sa amsar ta ƙi fita. Ta faɗa a hankali, ba wanda ya waiwaya. Can wani yaro da ya ji ta ya maimaita da ƙarfi, malam ya ce madalla, ga mai kai. Ba mugunta malamin ya yi niyya ba, shi ma haka aka koyar da shi. Amma in haka ake yi mata kullum har shekara 3, me zai hana ta yarda cewa aikinta a kimiyya riƙe biro ne?

Wannan ma wadda ta tsira ke nan. A Mayun 2019 'yan bindiga suka afka makarantar 'yan mata ta Moriki a ƙaramar hukumar Zurmi. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashi 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, gwamnati ta rufe makarantun kwana. A Satumbar shekarar, bayan an ɗebi ɗalibai a Kaya ta Maradun, aka rufe makarantun jihar Zamfara baki ɗaya, aka kashe layukan waya. A Satumbar 2023 aka bi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau har ɗakunan kwanansu a Sabon Gida, galibinsu mata. Duk rufewar da aka yi, in an buɗe namiji yana komawa aji, ko da ya yi shekara yana acaba. Mace kuwa kafin a buɗe an kai kuɗin gaisuwa. Ƙara da shekarun da hukumomin jarrabawa suka riƙe sakamakon ɗaliban Zamfara saboda gwamnatocin jiha sun ƙi biyan kuɗi. Yarinya ta yi karatu, ta zauna jarrabawa, ta jira takarda shiru, uba ya ce ai ga shi nan, bokon ma bai haifar da komai ba. Uban da ya cire 'yarsa saboda tsoron ɓarayin daji ban ga laifinsa ba, ko ni ne sai na yi tunani. Wanda nake tuhuma shi ne mai riƙe da amanar tsaro da kasafin kuɗi, wanda 'ya'yansa mata ke karatu a Abuja ko Alƙahira.

Kuma ba sai mun haye teku neman abin koyi ba, abin kunyar ke nan. A Zariya, Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Jos, ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, ta koyar a can, a 1980 ta zama mace ta farko farfesar fiziks a nahiyar Afirka. Fanninta shi ne gane abin da ke ƙarƙashin ƙasa ta hanyar auna ƙarfin jan ƙasa da makamantansa, inda ruwa yake, inda ma'adinai suke. Mutanen da kake gani suna kafa ƙarafa suna jan waya a fili kafin a haƙa rijiyar burtsatse, reshen iliminta suke yi. Jihar da zinariya ta zame mata annoba, jihar da gubar dalma ta kashe mata yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum a 2010, ita ce ya kamata ta fi kowa sanin sunan wannan mata. In ka ce wannan ai ba Bahaushiya ba ce, to ga Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero, 'yar Wangara ta Gezawa. Ta yi aure bayan sakandare, ba ta shiga jami'a ba sai tana da shekara 29, uwar 'ya'ya shida, ta zama farfesar fiziks na sararin samaniya da yanayi. A 2015 ta karɓi kyautar Gidauniyar Elsevier ta mata masana kimiyya, BBC ta sa ta cikin mata 100 na shekarar. Aure bai hana ba, haihuwa ba ta hana ba, hijabi bai hana ba. Shiga ajin kimiyya a Zurmi ka kira sunanta ka ga hannu nawa zai tashi. Yaran da suka san sunan kowace 'yar fim da na mijinta da ranar da aka sake ta.

Mai fakewa da addini kuma ya nemi wata mafakar, domin a ƙasar nan tamu aka yi wannan muhawara aka gama. Lokacin da Shehu Usmanu yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara a shekarun 1780, wani malami daga Barno, Mustafa Gwani, ya soke shi kan barin mata suna halartar karatunsa. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya ba shi amsa, amsar kuwa ita ce barin su cikin jahilci ya fi kowace ɓarna da ake tsoro. A littafinsa Nurul Albabi Shehu ya caccaki malaman da ke tara almajirai a zaure suna barin matansu da 'ya'yansu mata ba karatu. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura malamai mata da ake kira jajis ƙauye-ƙauye suna koyar da mata. In ka ce wancan ilimin addini ne, to a Halab ta Sham, a ƙarni na 10, akwai wata mata da ake kira Al-Ijliyya, mai ƙera usturlabi a fadar sarki Saifud Daula, na'urar da ake auna tsayin rana da taurari da ita a fitar da lokacin salla da alƙibla. Ita ma ɗan ambato kaɗan Ibn Nadim ya yi mata a littafinsa, da bai yi ba da ta bi sauran.

Munafuncin da ya fi ba ni haushi shi ne na ɗan'uwana da zai kai matarsa babban asibiti ya tsaya yana kumfar baki shi namiji ba zai duba masa iyali ba, namiji ba zai ɗauke ta hoton ƙirji ba, a kira mace. Daga ina macen za ta fito, Alhaji? Daga sama? Likita da nas da mai ɗaukar hoton asibiti, babu wanda JAMB ke bari ya wuce ba tare da fiziks ba. Kai ka cire taka ɗiyar daga aji biyu, kana jiran ɗiyar wani daga Inugu ta zo ta rufa wa matarka asiri. Amma ko wannan hujjar ba na son a tsaya a kanta, domin ta mayar da karatun yarinya hidimar mazajen wasu. Akwai wadda ba nas take son zama ba. So take ta san abin da ya sa randar innarta ke sanyaya ruwa a tsakiyar bazara alhali jarkar roba tana dafa shi, abin da ya sa ƙurar hunturu ke rage ƙarfin sola, abin da ya sa zafin Shinkafi ke ƙara tsanani. Wannan ta ƙarshen ma mace ce ta fara taɓo ta. Eunice Foote, a Amurka a 1856, ta cika tulunan gilashi da iskoki daban-daban, ta sa ma'aunin zafi, ta ajiye a rana, ta ga mai iskar kabon ya fi zafi kuma ya fi daɗewa bai huce ba, ta rubuta cewa in iskar nan ta yawaita duniya za ta ɗumama. Namiji ne ya karanta takardar tata a taron masana, aka manta da ita fiye da shekara 100, sunan wani masani, Tyndall, da ya zo bayanta da shekara 3 ya shiga littafi. Kayan da ta yi aiki da su ba su fi ƙarfin makarantar jeka-ka-dawo ta Badarawa ba, in da an ga dama.

Malamin fiziks ba ya bukatar izinin Abuja kafin ya ce wa ajinsa darewar yuraniyom Meitner ce ta bayyana ta, ko ya ƙwace agogo daga hannun yaro ya miƙa wa yarinya. Wannan ba kasafin kuɗi yake ci ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana zaune a Ƙaura Namoda tun 1983, da ɗakunan gwajinta. Me zai hana ta buɗe su ranar Asabar ga 'yan matan sakandaren garin, ta gayyato irin su Farfesa Rabi'a su tsaya gabansu su yi musu magana da Hausa? Gwamna Dauda Lawal ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Nuwamban 2023, mun ga fenti, mun ga sabon kwano. Fenti ba ya koyar da fiziks. Ma'aikatar ilimi ta fito ta faɗa mana, makaranta bayan makaranta, 'yan mata nawa suka zauna jarrabawar fiziks bana a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, nawa daga cikinsu suka taɓa kayan gwaji kafin makon jarrabawa, malaman fiziks mata nawa ta ɗauka aiki tun da aka kafa dokar, kuma a wace makaranta kowace take. A buga a takarda, a liƙa a ƙofar sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, inda mai wucewa zai tsaya ya karanta.